Mazauna Belfast, wa ake riƙewa a ƙasar nan idan abu ya lalace?

Maman Sadiq:

Assalamu alaikum. 'Yan uwa mazauna Belfast da kewaye, musamman waɗanda suka riga mu zuwa, ina neman a fahimtar da ni wani abu. Ku yi haƙuri zancen zai ɗan yi tsawo.

Shekarata uku a Ireland ta Arewa. Ina aikin kula da tsofaffi a wani gida da ke yankin Antrim, yawanci aikin dare, maigidana kuma yana wani babban sito. Yaranmu biyu.

Tun bayan tarzomar ƙin baƙi da aka yi a garin Ballymena a watan Yunin 2025 layinmu bai koma yadda yake ba. Wasu samari da ba su wuce shekara 14 zuwa 16 ba sun mai da bakin ƙofarmu dandali. Sau biyu suna jifan taga da ƙwai, sau ɗaya da dutse har gilashin ya tsage. Kwandon shararmu sun cinna masa wuta. Ranar Asabar na dawo daga kanti, ɗayansu ya biyo ni yana faɗar maganar da ba zan iya rubutawa ba a kan hijabina, Sadiq na riƙe da hannuna yana ji. Tun ranar yaron nan ba ya yarda ya kwana a ɗakin da ke kallon titi. Maƙwabciyata, wata tsohuwa 'yar ƙasa, ita ma ba su ƙyale ta ba. Ita ce ma ta kawo mana katakon da muka toshe tagar.

Ana cikin haka mai gidan ya turo saƙo ta waya cewa zai sayar, mu nemi wani wuri nan da wata ɗaya. Shekara biyu muna ciki, ko kwana ɗaya ba mu taɓa jinkirta haya ba.

A wurin aiki kuma na nemi ƙarin girma, aka ba wata da ni na koya mata yadda ake ɗaga mara lafiya daga gado. Ban ce lallai an zalunce ni ba, Allah ne masani. Amma tare da takardar neman an ba ni wani fom a ambulan daban, ana tambaya: daga al'ummar Furotesta kike, ko ta Katolika, ko ba ko ɗaya? Na zaɓi na ukun. Tun ranar nake tunani, su ana ƙirga su don kada a danne wani, mu kuma wa ke ƙirga mu?

Sai na ƙarshe, wanda wataƙila ku ce bai kai ya kawo ba. In na taso aiki da asuba ina ganin manyan fankokin nan na wutar iska a kan tsaunuka. Iska na kaɗawa har mota na rawa a hanya, amma da yawansu a tsaye cik. Ni kuwa duk mako sai na loda wa mita fam 25, ga kuɗin man ɗumama ɗaki.

Na san za a ce abubuwa huɗu ne da ba su haɗa hanya ba. A raina dai tambaya ɗaya ce. A Zariya in abu ya dame ni na san ƙofar mai unguwa, na san gidan kansila, ko ba su yi komai ba na san fuskar wanda zan yi wa kuka. A nan gwamnati ce ta yi alkawarin gidaje, da wuta mai tsafta, da adalci wurin ɗaukar aiki, da zaman lafiya a unguwa. In ba ta cika ba, wa ake riƙewa? Kuma irina mai bizar aiki tana da bakin magana?

Dattijon Lisburn:

Wa alaikumus salam. 'Yata, sannu. Allah ya kawo sauƙi, ya tsare ki da yaran.

Na zo ƙasar nan a 1996, shekara biyu kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998, lokacin sojoji na tsaye a kan titi. Bari in fara da fom ɗin da ya dame ki, domin na ga wani ɓangare na tarihinsa da idona.

Ruwa ba ya tsami banza. A shekarun 1970 da 1980 namiji Katolika ya fi Furotesta yiwuwar zaman banza da kusan ninki biyu da rabi. Akwai manyan masana'antu a Belfast da in ba ɗan wani ɓangare ba ne kai, ko ƙofa ba ka kusanta. An yi doka a 1976 ta hana wariya, ba ta tsinana wani abin kirki ba, saboda ta dogara ga kyakkyawar niyyar masu ɗaukar aiki. Sai a 1989, bayan matsin lamba har daga Amurka, aka yi mai haƙora. Aka ƙara gyara ta a 1998. Yanzu duk mai ma'aikata 11 ko fiye dole ya yi rajista da Hukumar Daidaito, ya miƙa lissafin ma'aikatansa duk shekara, ya kuma sake duba yadda yake ɗauka da ƙarin girma duk bayan shekara uku. Da aka fara ƙirga a 1990 Katolika ba su fi kusan kashi 35 cikin 100 ba. A rahoton 2022 sun kai rabi har da ɗan ɗoriya. Wa'azi bai yi wannan aikin ba. Abin da ya yi shi, an tilasta wa kowane kamfani ya rubuta adadi ya sa hannu, ga kuma kotu ta musamman tana jira.

Kin gano raunin da kanki. Dokar ta kare addininki, Musulmi na iya kai ƙara a ƙarƙashinta, kuma akwai dokar 1997 a kan wariyar launi. Amma ba a tilasta wa kowa ya ƙirga baƙaƙe nawa ya ɗauka ko nawa ya ƙara wa girma ba. Gwamnati ta sa batun irin wannan ƙirga cikin shirinta na daidaiton launin fata na 2015 zuwa 2025, wa'adin ya zo ƙarshe ba a mai da shi tilas ba. Kuma dokar daidaito ta 2010 da 'yan uwanmu na Ingila ke dogaro da ita ba ta aiki a nan. In kina zargin an tsallake ki, nemi a ba ki dalilin a rubuce, ki kira Hukumar Daidaito, shawara kyauta ce. Kada ki yi sanya, wa'adin kai ƙara wata uku ne kacal.

Batun wa ake riƙewa kuwa, majalisar dokokin Ireland ta Arewa da ke Stormont tana da wakilai 90, kowace mazaɓa biyar. Wato mutum biyar ne ke wakiltar layinku, kowa da ofishinsa a cikin gari. Kowannensu na iya aika wa minista tambaya a rubuce, ministan ya amsa cikin kwanakin aiki 10, amsar kuma a wallafa ta kowa ya gani. Gidaje na hannun ma'aikatar Gordon Lyons, shari'a da tsaron unguwa na Naomi Long, makamashi na Caoimhe Archibald. Ga sunayen, ba a ɓoye suke ba.

Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba, ɗan Najeriya, ko Ghana, ko Kamaru da ke da izinin zama yana da ƙuri'a a duk zaɓen ƙasar nan, albarkacin ƙungiyar Commonwealth. 'Yan uwanmu na Nijar da Chadi da Sudan sai sun zama 'yan ƙasa. Ki yi rajista ke da maigidanki. Zaɓen majalisa na tafe a watan Mayun 2027, kuma da irin tsarin da suke bi kujera ta biyar kan tafi da ƙuri'u kaɗan. Na daɗe ina cewa a masallaci, ranar da muka shiga rajista gaba ɗaya, ranar za su san ƙofofinmu.

Antin Yara:

Ƙanwata, sannu da haƙuri. Baba ya yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara girma. Amma Baba, ka yi mini afuwa, a wani wuri ban bi ka ba. Shekarata shida ina aiki a masaukin marasa gida. A fannin gidaje ƙirga ba ta yi kaɗan ba. An san iyalai sama da dubu 45 ne ke layin gidan gwamnati. An san Hukumar Gidaje, wadda ake ce wa Housing Executive, tana kashe sama da fam miliyan 30 a shekara kan masaukin wucin gadi, har da otal. Ofishin babban mai binciken kuɗi ya yi rahoto a kan haka a 2025. Ana sanin adadin sarai, layin kuma na ƙaruwa. Ina da mata a wurin aikina da suka haihu a masauki, yaran sun shiga makaranta suna nan. An yi alkawarin fara gina gidaje 5,850 kafin 2027, alhali a garuruwa da dama ko fili ya samu bututun ruwa da na magudana ba sa iya ɗaukar sababbin gidaje. Kuma tambayar da Baba ke cewa a aika wa minista, ai sai akwai ministan. Daga Janairun 2017 zuwa Janairun 2020 babu gwamnati a Stormont. Daga Fabrairun 2022 zuwa Fabrairun 2024 ma babu. Shekara biyar cikin bakwai ke nan, haya kuwa ba ta tsaya jiran kowa ba.

Abin da ya fi ci mini rai, hukumar nan asalinta adalci ne. A 1968 a ƙauyen Caledon aka ba wata budurwa 'yar shekara 19 gida aka tsallake iyalai Katolika masu yara, ɗan majalisa Austin Currie ya shiga gidan ya zauna don nuna ƙin yarda. Rigimar da ta biyo baya ce ta sa a 1971 aka ƙwace rabon gida daga hannun kansiloli aka ba hukuma ɗaya, daga baya aka koma rabo da maki. Tsarin ya yi kyau, gidajen ne babu.

Yanzu abin da ya shafe ki kai tsaye, ki saurare ni da kyau.

Wata ɗayan da mai gida ya ba ki bai isa ba. Dokar haya ta 2022 ta ce wanda ya wuce shekara ɗaya a gida sai an ba shi mako 8, a rubuce. Ko notis ɗin ya ƙare ba shi da ikon canza makulli ko fitar da kayanki sai da umarnin kotu. In ya gwada, sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma ne ke hukunta irin wannan. Ki kira ƙungiyar Housing Rights gobe da safe, aikinsu ke nan.

Gaskiya mai ɗaci kuma, in bizarki na ɗauke da sharaɗin nan na hana cin kuɗin gwamnati, ba za ki shiga layin gidan gwamnati ba, kuma ba za a ɗauke ki a matsayin mara gida a ƙarƙashin dokar 1988 ba. Abin da ya rage shi ne dokar yara ta 1995, wadda ta ɗora wa hukumomin lafiya da jin daɗin jama'a nauyin yaron da ke cikin buƙata. Allah ya sa ba za a kai can ba. Ko 'yan ƙasa ma, makin 200 da a da ake ba wanda aka kora daga unguwa da barazana an soke shi tun Afrilun 2025.

Samarin nan kuwa, daina kiran abin da suke yi fitinar yara. Jifan taga da ƙona kwando laifi ne. Duk ranar da suka zo ki rubuta rana da lokaci a littafi, ki ɗauki hoto daga ciki in babu haɗari. Kira 'yan sanda a 101, in ana cikin yi ne 999. Ki faɗa da bakinki cewa kina ganin saboda launinki da addininki ne, domin da haka ne ake rubuta shi a matsayin laifin ƙiyayya, ki kuma karɓi lambar rahoto kowane karo. Akwai dokar 2004 da ke ba 'yan sanda, da ƙaramar hukuma, da Hukumar Gidaje damar neman kotu ta haramta wa mutum wasu ɗabi'u tun daga ɗan shekara 10, amma ba kasafai ake amfani da ita ba. A Ingila tun 2014 wanda ya yi ta kai ƙara ba a yi komai ba yana da ikon tilasta wa hukumomi su zauna tare a kan maganarsa. Mu ba mu da wannan. Alƙali Desmond Marrinan ya miƙa shawarwari kan dokar laifin ƙiyayya tun Disambar 2020, har yau ba a yi cikakkiyar doka guda a kai ba. Abin da muke da shi a kusa shi ne kwamitin tsaron al'umma da ke kowace ƙaramar hukuma, inda kansiloli da 'yan sanda ke zama. Ki je da tsohuwar maƙwabciyarki. Muryarta da taki a haɗe sun fi taki ke kaɗai.

Injiniya Bazazzage:

Hajiya, idonki bai yi ƙarya ba, kuma fankokin ba lalacewa suka yi ba. Yawanci umarni aka ba su su tsaya.

Iskar tana yamma da kan tsaunuka, Tyrone, Fermanagh, Derry, tuddan Antrim. Masu shan wutar suna gabas, wajen Belfast. Wayoyin da ke tsakani an ja su ne tun zamanin da wuta ke fitowa daga manyan tashoshi irin Ballylumford, ba za su iya ɗaukar duk abin da iska ke bayarwa a daren sanyi ba. Ban da haka, dole a bar wasu injinan gas suna juyawa don wutar ta tsaya daram, kada ta yi sama da ƙasa. To sai kamfanin SONI mai kula da layin ya ce wa gonar iska ta rage ko ta tsaya. A 2024 kusan kashi 30 cikin 100 na wutar da iska za ta iya bayarwa a nan haka aka bar ta ta wuce. Babban layin da zai haɗa Tyrone da Meath a kudu, cikin Jamhuriyar Ireland, ya samu izinin gini tun 2020, har yau bai fara aiki ba.

Dokar sauyin yanayi ta 2022 ta ce kafin 2030 kashi 80 na wutarmu ya fito daga iska da rana da makamantansu. A shekarar da aka yi dokar muna kan kashi 51. A 2023 muka sauko 45.8, a 2024 kuma 43.5. Baya muke yi, kuma ban ga wanda ya rasa kujerarsa a kan haka ba. Kuɗin mitarki kuwa farashin gas ne ke jan sa a kasuwar wuta ta tsibirin baki ɗaya, shi ya sa iska na kaɗawa aljihu bai sani ba.

Amma zan goyi bayan Baba a abu ɗaya. A fannin makamashi ne na ga tambaya ta kayar da gwamnati. Shirin tallafin ɗumama na 2012 an tsara shi ta yadda tallafin ya fi kuɗin itacen da ake ƙonawa, wasu suka riƙa ɗumama rumbunan da ba kowa ciki. Aka yi ƙiyasin asarar za ta kai fam miliyan 490. Masu tsegunta gaskiya, da mai binciken kuɗi, da 'yan jarida suka tono. Mataimakin shugaban gwamnatin Stormont, Martin McGuinness, ya ajiye muƙami a Janairun 2017, gwamnati ta rushe. A gaban kwamitin binciken Sir Patrick Coghlin shugaban ma'aikatan gwamnati ya amsa cewa wani lokaci da gangan ba a rubuta bayanan taro, don kada mai neman bayani ya samu abin karɓa. Haka a 2020 mai binciken kuɗi ya nuna ƙananan fankoki na ɗaiɗaikun mutane na iya mai da jarinsu cikin ƙasa da shekara huɗu, tallafin kuma na tafiya shekara 20. An rufe wannan tallafi ga sababbin gonakin iska tun 2016, aka kwashe shekaru ba a kawo madadinsa ba, gini ya kusa tsayawa.

Dokar 'yancin samun bayani ba ta tambayar biza. Kowa na iya rubuta wa ma'aikata, dole ta amsa cikin kwanakin aiki 20.

Bakatsine:

Ni ina gida, amma zancen fankoki a tsaye ya taɓa ni. Mu ma muna da namu a Lambar Rimi, guda 37, na megawat 10. Tun marigayi Umaru Musa 'Yar'adua yana gwamna aka faro maganar a 2005, daga baya tarayya ta karɓa aka ba wani kamfanin Faransa. A Disambar 2012 aka sace injiniyansu Francis Collomp a Rimi, aiki ya tsaya. Daga nan shekaru suka yi ta wucewa ana sa ranar kammalawa ana ɗagawa. Duk wanda ya bi hanyar yana ganinsu. Abin da ya ba ni sha'awa a bayanin Injiniya, ku kun san kashi nawa aka yi asara, a wace shekara. Yaya, tunda kuna da wannan damar ku yi amfani da ita. Allah ya ba ku gida mai albarka.

Maman Sadiq:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bar mako guda kafin in dawo don in zo da labari.

Anti, na kira masu ba da shawarar, suka taya ni rubuta wa mai gida. Ya janye wata ɗayan, ya aiko da takardar mako 8. Mun duba gida huɗu. Uku sun fi ƙarfinmu, na huɗun kuwa mu 12 muka je kallonsa a yini ɗaya. Na sayi littafi, shafi biyu sun riga sun cika, domin samarin sun sake zuwa ranar Laraba. Wannan karon na faɗi kalmar da kika ce, na karɓi lamba.

Baba, mun cike rajistar zaɓe ni da Baban Sadiq. Na shiga ofishin ɗaya daga cikin wakilan namu biyar bayan na taso aiki, ban ko yi barci ba. Matar da ke wurin ta saurare ni kusan awa ɗaya. Na roƙi a tambayi ministoci abu biyu: yaushe za a tilasta wa masu ɗaukar aiki su riƙa ƙirga launi da asali kamar yadda suke ƙirga Furotesta da Katolika, sannan iyalai nawa suka bar gidajensu saboda harin ƙiyayya tun tarzomar Agustan 2024. Ta rubuta, ta ce za ta kai wa mai gidanta. In amsar ta fito zan kawo ta nan kowa ya karanta. A wurin aiki ma na nemi dalilinsu a rubuce, ina jira.

Maƙwabciyata ta yarda za ta raka ni zaman kwamitin tsaro. Ta ce shekara 41 tana layin nan ba ta taɓa zuwa ba.

Saura mako bakwai. Don Allah duk wanda ya ji labarin gida mai ɗaki biyu a kudancin Belfast ko wajen Glengormley, wanda bai wuce fam 850 a wata ba, ya sanar da ni. Mun fi son inda Sadiq ba zai canza makaranta ba.